Jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja: da daɗin hawa, amma wa ke biyan kuɗin gyaransa?

Duk wanda ya tambaye ni ko ya bi mota ko ya bi jirgi tsakanin Kaduna da Abuja, amsa ɗaya nake ba shi: in ka samu tikiti, hau jirgi. Haka na faɗa wa surukata, haka na faɗa wa abokan aikina, kuma har yau ban canza ba. Sai dai a 'yan shekarun nan ina faɗar hakan da nauyi a zuciya, domin abin da nake gani a kan layin yana damuna. Aikin akanta nake yi a wani kamfani mai zaman kansa a Abuja, iyalina kuwa suna Kaduna. Ina cikin ayarin nan da ke cika tashar Kubwa ranar Juma'a, su sake cika Rigasa da sanyin safiyar Litinin, tun shekarar da aka buɗe layin.

Abin yabo yana da yawa, kuma da shi zan fara. Layin kilomita 186 ne da 'yan kai daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, faffaɗan dogo irin na zamani, ba siririn nan da Turawan mulkin mallaka suka bari ba. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa shi. An fara aikin a 2011 zamanin Jonathan, Buhari ya ƙaddamar da shi ranar 26 ga Yulin 2016. Wanda ya saba da titin Abuja zuwa Kaduna, da ramukansa, da tirelolin da ke toshe hanya a Tafa, da shingayen bincike, da direban da ke wuce babbar mota a kan kwana yana amsa waya, shi ne zai fi sanin darajar zama a kujera jirgi na tafiya sumul. Ka miƙe ƙafarka, ka tashi ka zaga in kana so, ka buɗe kwamfutarka ka ƙarasa aikin ofis. Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, zaman mota na awa uku yakan kwantar da ita kwana biyu. A jirgi kuwa takan tashi ta ɗan taka a tsakanin kujeru, ta dawo ta zauna tana jan carbinta, mu isa ba ta ce wash ba. Mace mai goyo da yara biyu ma haka: akwai banɗaki, akwai inda yaro zai motsa, ba wanda zai yi mata tsaki don ɗanta ya yi kuka.

Taragan iri uku ne. Farashin da aka sa lokacin da jirgin ya dawo aiki a Disambar 2022, bayan harin da 'yan bindiga suka kai masa a Maris ɗin shekarar, shi ne naira 3,600 a ƙaramin tarago mai kujera 88, naira 6,500 a matsakaici mai kujera 56, sai naira 9,000 a na manya mai kujera 24. A ganina na tsakiyar ya fi dacewa da kuɗinsa ga wanda zai yi aiki a hanya ko wanda ya ɗauko dattijo, don kujerar ta fi faɗi kuma hayaniya ba ta kai ta ƙaramin ba. Wanda ke tafiya shi kaɗai da jakarsa, ƙaramin ya ishe shi. Na 9,000 ban ga abin da ya ƙara mini ba in ban da shiru. Akwai wurin sayar da abinci a ciki, shinkafa dafa-duka da kaza, da ruwa da lemo, tsadarsu ta ɗara ta waje. Ni nakan taho da ruwana da 'yar gurasata. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a wurare da dama, musamman tsakanin Jere da Rijana, don haka ka gama kiran da za ka yi tun kana tasha. Da damina kuwa ka nemi kujerar taga. Duwatsu da gonakin masara da garken shanu a bakin rafi, ƙasar nan tana da kyau, kuma daga titi ba ka ganin rabinta.

Wani abu da nake so game da jirgin nan shi ne yadda ya haɗa mutanen da ba sa haɗuwa. A shekarun da masu garkuwa da mutane suka addabi titin wajen Katari da Rijana, manyan da ke da jerin gwanon motoci da 'yan sanda sun ajiye su suka bi layi tare da mu. Sanata da ɗalibi, hafsan soja da mai sayar da atamfa, duk ƙofa ɗaya suke shiga tasha. Lokacin da aka rufe filin jirgin saman Abuja na mako shida a 2017 don gyaran titin saukar jirage, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna, layin nan yana cikin abin da ya ɗauki nauyin matafiya. Ƙasa ta ga amfaninsa tun bai cika shekara ba.

Tashoshin suna da kyan gini amma suna nesa da gari. Rigasa tana can ƙarshen yammacin Kaduna, a ƙaramar hukumar Igabi. An mayar da titin shiga unguwar tagwaye, abin ya yi sauƙi ƙwarai a kan yadda yake da, amma wanda zai taso daga Kawo ko Barnawa ya ware isasshen lokaci, kuma ya daidaita da mai keke ko mai tasi kafin ya shiga, don da zarar sun ga jaka sun san jirgi za ka kama. A ɓangaren Abuja, in Kubwa ko Gwarinpa ko Dutsen Alhaji za ka, sauka a Kubwa. Idu tana cikin yankin masana'antu, kuɗin tasi daga can zuwa tsakiyar gari yakan kai kuɗin tikitin jirgin kansa, wani lokaci ya wuce. Jirgin cikin garin Abuja, wanda aka sake buɗewa a Mayun 2024 bayan ya yi shekaru a tsaye, yana bi ta Idu, kuma in lokacinsa ya dace da saukarka ya rage maka wahala. Ka iso tasha da wuri. Ana binciken kaya, ana duba sunan da ke kan tikiti, kuma tun 2022 sai da lambar NIN ake sayarwa.

Tikiti shi ne inda daɗin yake fara raguwa. Tun shekarun farko jaridu ke buga labarin cuwa-cuwar tikiti, har ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya sha amincewa da cewa matsalar tana nan. Don magance ta aka kawo sayarwa ta intanet a Janairun 2021. An samu sauƙi, babu musu: na daina tsayuwar asuba a layin taga, ina zaune a ɗakina nake zaɓar kujera. Amma ƙorafin da kowa ke yi har gobe shi ne na jirgin Juma'a da na Lahadi da na Litinin, inda kujeru ke ƙarewa cikin 'yan mintoci bayan an buɗe. Wata Juma'a a bakin titi, kafin ƙofar tasha, wani saurayi ya matso kusa da ni ya ce, "Alhaji, in ba ka samu ba akwai guda ɗaya, amma fa sai ka ɗan ƙara." Abin da ya kira ɗan ƙari ya ninka farashin. Na ce masa, "Allah ya kawo kasuwa, samari, ina da nawa." Wata hajiya da ke bayana, mai rakiyar mara lafiya, ta tsaya tana roƙonsa ya rage mata.

Mutane suna ɗora laifin duka a kan irin wannan saurayi, ni kuwa ina ganin tushen abin ya wuce shi. Duk inda masu nema suka fi kujeru yawa kuma farashi yana ƙasa da abin da mutane za su iya biya, sai an samu mai tsayawa a tsakani ya kwashi rarar. Kama shi yana da kyau, amma gobe wani zai maye gurbinsa. Maganin gaskiya shi ne ƙarin taragai da ƙarin sawu. A Janairun 2018 an ƙaro taragai goma da kawunan jirgi biyu, muka ji sauƙi na ɗan lokaci. Bayan harin 2022 kuwa sai sawun ya ragu sosai, aka daina na dare, gudun jirgin ma aka rage. Tafiyar da muke yi cikin awa biyu da 'yan mintoci a farko yanzu takan doshi awa uku. Ranar Laraba kuma ranar duba layi da gyara ce, kada ka ɗora muhimmiyar tafiya a kanta ba tare da ka bincika jadawali ba.

To me ya hana a ƙaro taragai? A nan ne nake son mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni mu yi lissafi, don duk ƙorafin da muke yi na na'urar sanyaya tarago da ta mutu, da banɗakin da ruwa ya ƙare masa, da jirgin da ya tsaya a daji, daga wannan lissafin suke fitowa.

Aikin layin ya ci kusan dala miliyan 870. Daga ciki dala miliyan 500 bashi ne daga bankin Exim na ƙasar Sin, sauran gwamnatin tarayya ta zuba. Bashin da dala ake biyansa. Kan jirgi da taragai daga waje aka kawo su, kayan gyaransu ma daga waje suke zuwa, su ma da dala. Jirgin da man gas yake tafiya, ba da lantarki ba, shi kuwa gas tun da daɗewa babu tallafi a kansa. A 2022 litarsa ta tashi daga wajen naira 300 zuwa kusan 800, daga baya ta haura 1,000. A shekarar ne hukumar jiragen ƙasa ta rage sawun jirgin Legas zuwa Ibadan saboda tsadar man. Shi kuma fasinja da naira yake biya. A Disambar 2022, naira 3,600 ta kai kusan dala 8 a canjin gwamnati. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500, sai wannan tikitin ya koma bai kai dala biyu da rabi ba. Fasinja bai ga canji a takardar da ke hannunsa ba, amma ga wanda zai sayo birki ko ƙafar tarago daga Sin, kashi biyu cikin uku na darajar kuɗin sun tafi. In ka raba 3,600 da tsawon layin, kusan naira 19 ke nan a kowace kilomita, a cikin tarago mai sanyi da jami'an tsaro. Mai keke a cikin gari ba zai ɗauke ka a haka ba.

Tun farko ma ba a taɓa cewa tikiti na biyan kuɗin tafiyar da jirgin ba. A shekarun farko Amaechi ya ce ana kashe naira miliyan 56 a wata ana samun miliyan 16. Daga baya, wajen 2021, ya ce kuɗin shiga ya kai naira miliyan 300 a wata. Mu ɗauki wannan adadi mai kyau. A shekara biliyan 3.6 ke nan. Bashin dala miliyan 500 a canjin wancan lokaci, kusan naira 410, ya kama naira biliyan 205. Ko da za a kwashe duk abin da aka samu a zuba a bashin, ba a sayi litar gas ko ɗaya ba, ba a biya albashin kowa ba, ba a lissafa kuɗin ruwa ba, sai an haura shekara 50 ana biya. Wannan ba abin kunya ba ne. Kusan ko'ina a duniya jirgin fasinja ba ya biyan kuɗin shimfiɗa dogonsa da tikiti, gwamnati ce ke ɗauka, don amfaninsa yana dawo mata ta wasu hanyoyi: rayukan da ba a rasa a titi ba, kwaltar da ba ta farfashe ba, lokacin ma'aikata da 'yan kasuwa da bai salwanta ba. Abin da ke damuna shi ne mun san inda aka samo kuɗin gini, an yi biki an yanka zare, amma kuɗin kula da abin kullum ba shi da tsayayyen gurbi. Yana jiran abin da kasafin shekara ya yanka masa, da abin da aka sako daga cikin wanda aka yanka, da lokacin da aka sako shi. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san ginin ba shi ne wahala ba, yaɓen kowace shekara kafin damina shi ke riƙe gida, kuma shekarar da aka ce bari sai baɗi, a shekarar katanga ke fara zubewa.

Mun taɓa ganin haka a ƙasar nan, shi ya sa hankalina ba ya kwanciya. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Gyaɗa da auduga da fata da shanu duk ta kansa suka bi zuwa teku. Kafanchan da Zariya da Kaduna kanta, reluwe ce ta raya unguwanni da yawa a cikinsu. Mahaifina yana ba mu labarin zuwa Gusau a jirgi kamar yadda mu yanzu muke maganar zuwa Abuja. Ba yaƙi ne ya kashe wannan layin ba. A hankali aka daina sayen kayan gyara, aka riƙa cire na wannan kan jirgi a sa wa wancan, gudu ya ragu, lokaci ya daina tabbata, masu kaya suka koma tirela, kuɗin shiga ya ƙara faɗuwa, gyara ya ƙara gagara. A 1979 aka kira kamfanin RITES na Indiya ya riƙe hukumar jiragen ƙasa na 'yan shekaru, abubuwa suka ɗan farfaɗo, da suka tafi aka koma gidan jiya. A 1995 zamanin Abacha aka sake ba da kwangilar gyara ga wannan CCECC ɗin. Duk wanda ya bi ta tsohuwar tashar Kaduna ya ga taragan da ciyawa ta cinye ya san yadda labarin ya ƙare.

Alamomin farko na wannan ciwo su nake jin tsoro a sabon layin. A Janairun 2023 jirgi ya goce daga kan dogo kusa da Kubwa. An sake samun irin haka a 2024. Ranar 26 ga Agustan 2025 kuma jirgin da ya taso daga Abuja da mutum fiye da 600 ya goce a tashar Asham, wasu taragai suka kife, mutane suka jikkata, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Rahoton farko na hukumar binciken haɗurra ta ƙasa ya nuna cewa an taɓa gocewa a wurin, cewa kankaren ƙarƙashin dogo da suka lalace a wancan karon faci aka yi musu maimakon a canza su, kuma na'urar sauya layi ta wurin ba ta aiki da kanta, da hannu ake juya ta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in ka bi shi zuwa tushe, takardar neman kuɗi ce da ta kwanta a kan wani teburi. Layin ya tsaya fiye da wata guda, sai a farkon Oktoba ya dawo. Ga kuma ɓarayin ƙarfe da ke kwance ƙarafan da ke ɗaure dogo su sayar wa 'yan gwangwan. Sintiri a kan kilomita 186 na daji mutane yake buƙata da babura da mai da albashi, kullum, ba ranar da minista zai zo ba kaɗai.

Ba zan iya rubutu a kan jirgin nan in tsallake daren Litinin 28 ga Maris 2022 ba. Da safiyar ranar na bi layin zuwa Abuja. Da dare 'yan bindiga suka dasa bam a kan dogo wajen Katari, suka buɗe wa jirgin da ke komawa Kaduna wuta, suka kashe aƙalla mutum takwas, suka tafi da fiye da 60 cikin daji, har da mata da ƙananan yara da tsofaffi. Mutum 23 na ƙarshe sai ranar 5 ga Oktoba suka fito. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Watanni biyar kafin nan, a Oktoban 2021, an riga an fasa wani sashe na dogon da bam, wato gargaɗi ya zo. Bayan harin minista Amaechi ya fito ya ce ya nemi a amince da sayen na'urorin sa ido na fiye da naira biliyan 3 ba a amince ba, rahotanni kuma suka ce majalisar zartarwa tana da tambayoyi ne a kan kamfanin da aka gabatar. Ko wane ne ke da gaskiya a cikinsu, jirgin ya ci gaba da tafiya da dare a cikin dajin da kowa ya san abin da ke cikinsa. Layin ya yi wata takwas a rufe, ya dawo ranar 5 ga Disamba. A tsawon lokacin babu tikiti ko ɗaya da aka sayar, albashi kuwa bai tsaya ba, bashin Sin ma bai tsaya ba. Yau za ka ga jami'an tsaro da makamai a cikin jirgi da tashoshi, kuma ina jin daɗin ganinsu. Su ma wani layi ne a takardar kashe kuɗi da babu shi a lissafin 2016.

Ma'aikatan da ke kan jirgin sun cancanci a faɗi alherinsu. Na ga mai duba tikiti ya ɗauki jakar wata tsohuwa har kujerarta yana cewa, "Sannu Baba, taka a hankali." Na ga masu shara suna bin tarago da tsintsiya da buhu tun kafin mu gama sauka. Yawancinsu suna aiki ne da abin da aka ba su, kuma fushin fasinja a kansu yake sauka don su ne a gabansa.

Akwai abin da gwamnati ta yi wanda mutane da yawa suka yaba, ni kuwa ban yaba ba. A ƙarshen 2023, da kuma ƙarshen 2024, an ba da hawan jirgi kyauta na kusan mako biyu saboda bukukuwan ƙarshen shekara. Na san halin da talaka ke ciki bayan cire tallafin fetur, kuma na san akwai wanda wannan kyauta ta kai shi gida. Amma lokacin ne kujeru suka fi tsada a idon matafiya, lokacin da layin zai fi samun kuɗi. Kuma kujerar kyauta wanda ya fi saurin yatsa a waya da intanet mai ƙarfi shi ke samunta, ba lallai mabuƙaci ba. Da ni ake shawara, da kuɗin nan ya tafi kan na'urar sauya layi ta Asham. Mabuƙaci a ware masa rangwame na dindindin, ɗalibi da ɗan fansho da mai lalura, kowa da shaidarsa.

Na san maganar ƙarin farashi ba ta da farin jini, amma zan faɗe ta. Ƙaramin tarago a bar shi yadda talaka zai iya, gwamnati ta cike giɓin a fili, a rubuce, da adadin da kowa zai gani. Taragan 6,500 da 9,000 kuwa, mu da muke hawansu za mu iya biyan fiye da haka, musamman ranar Juma'a da Litinin, tunda wasunmu suna biyan ninkinsa ga 'yan cuwa-cuwa ba tare da ko kwabo ya shiga asusun jirgin ba. Sharaɗina ɗaya ne: a riƙa buga wa jama'a kowane wata fasinja nawa aka ɗauka, nawa aka samu, nawa aka kashe a gas, nawa a gyara, sawu nawa ya tashi a kan lokaci. Tunda tikiti ta intanet ake sayarwa, alƙaluman suna nan a kwamfuta. A ofishinmu ba a ƙara wa sashe kuɗi sai ya kawo takardar yadda ya kashe na baya, kuma fasinja ma haka yake ji.

Tikiti kaɗai ba zai riƙe layin ba ko nawa aka ƙara. Dakon kaya ne ke ciyar da dogo, siminti da taki da hatsi da kwantena. Matsalar ita ce layin nan tsibiri ne. Bai haɗu da na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 ba, don ba a shimfiɗa na Ibadan zuwa Abuja ba, saboda haka babu tashar jiragen ruwa a ƙarshensa. Tashar tsandauri ta Kaduna da ke Kakuri, wadda aka buɗe a Janairun 2018, tsohon siririn dogo ne ya ratsa ta. Wato dogo mai tsadar dala miliyan ɗari takwas da wani abu yana ɗaukar 'yan sawun fasinja a yini, sauran sa'o'in yana kwance.

Wata ƙofa ta buɗe a Maris 2023, lokacin da aka gyara tsarin mulki aka cire harkar jirgin ƙasa daga hannun tarayya ita kaɗai, jihohi ma suka samu ikon shiga. A Jamus jihohi ne ke ba da odar jiragen yankunansu da kuɗin da tarayya ke ware musu don haka, a Faransa ma yankuna ne ke yi, kuma yarjejeniyar tana faɗin sawu nawa za a yi, da tarar da mai tafiyar da jirgi zai biya in ya gaza. Jihar Kaduna da hukumar birnin tarayya su ne suka fi kowa cin moriyar layin nan. Dubban ma'aikatan Abuja a Kaduna suke biyan haya da kuɗin makarantar yara da cefane saboda akwai jirgi. Ban ga abin da zai hana su biyun su sayi ƙarin sawu ɗaya na safe da ɗaya na yamma da kuɗinsu ba, da sharaɗin ya riƙa tsayawa a ƙananan tashoshi irin su Jere da Gidan da Kakau, waɗanda mutanensu suka ba da gonakinsu aka shimfiɗa dogon, yawancinsu kuma kallonsa kawai suke yi yana wucewa.

Yanzu ana aikin ƙarasa layin daga Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, wanda aka aza harsashinsa a 2021, kuma a farkon 2025 bankin raya ƙasa na Sin ya saki kusan dala miliyan 255 dominsa. Ana kuma shimfiɗa na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil. Ina ɗokin ranar da zan hau daga Kubwa in sauka a Kano, kuma ina da 'yan uwa a Katsina da ke lissafin yadda tafiyarsu za ta yi sauƙi. In aka gama su biyun, dogon da za a riƙa kula da shi daga Idu zuwa Maraɗi zai haura kilomita 670, fiye da ninki uku da rabi na wanda muke fama da shi yau, kuma wani sashensa zai ratsa yankunan da tsaronsu ya fi na Rijana wuya. Ina roƙon 'yan majalisarmu na Kaduna da Kano da Jigawa da Katsina, kafin a sa ranar yanka zare, su nemi a kawo musu takardar kuɗin gas da kayan gyara da sintiri da albashi na shekara biyar na farko, da sunan asusun da za a riƙa cire su, su karanta ta a zauren majalisa.